Kano ta zo ta ɗaya a NECO, to yaran garinmu nawa ne a cikin lissafin?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na wannan zaure. Tun da sakamakon NECO na 2025 ya fito ake ta turo mana labarin cewa Kano ce kan gaba a duk ƙasa, ɗalibai 68,159 sun sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, Legas tana biye. Na yi murna kamar kowa, Allah ya ƙara ɗaukaka. To amma makon jiya na zo gida ta'aziyya, na kwana uku, kuma abin da na gani ne ya hana ni barci har nake wannan rubutu.

Ɗan ƙanena yana aji biyar a firamaren da ni ma na yi. Muna zaune a ƙofar gida na ɗauki tsinke na rubuta masa a ƙasa, "Audu ya tafi kasuwa." Da Hausa fa, ba Turanci ba. Yaron nan ya ƙura wa rubutun ido, ya kira harafi biyu, ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa. Bayan magariba sai ga shi a zaure yana tilawa, izu shida a kansa, yana bin Alƙur'ani da yatsa babu tuntuɓe. Ke nan kan yaron lafiya lau yake.

Washegari na leƙa makarantar. Gini na nan, har an yi sabon fenti. Abin da na tsaya kallo shi ne su wane ne a cikin ajin. Ni ɗan UPE ne, shirin nan na firamare kyauta ga kowa, a 1976 aka ɗauke mu. Bencinmu ɗaya da ɗan hakimi, da ɗan alƙali, da ɗan hedimastanmu kansa, da ɗan mahauci, da ni ɗan manomi. Yau na tambaya, babu ɗan ma'aikaci ko ɗaya a ajin, babu ɗan mai babban shago. 'Ya'yan manoma ne, da marayu, da 'ya'yan bayin Allahn da rashin tsaro ya koro daga yamma, da 'yan mata da farantin tallansu a jingine bakin taga. Tambayata ita ce, wannan ta ɗayan da muka zo, yaran garinmu nawa ne a ciki? Kuma yaushe muka kwashe 'ya'yanmu muka bar makarantar ga waɗanda ba su da bakin magana?

Ɗan Auta:
Wa'alaikumus salam Kawu. Kafin a yi nisa, lissafin nan na NECO yawan kawuna ne, ba kaso ba ne. Kano tana cikin jihohin da suka fi kowa tura ɗalibai NECO, don haka ko rabinsu ne suka ci, adadinsu zai fi na jihar da ta tura kaɗan suka ci kusan duka. A ƙasa baki ɗaya kashi 60.26 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar ɗin nan. Kuma tukunya ɗaya aka zuba makarantun kuɗi na cikin birni, da na kimiyya, da namu na karkara. Sannan wanda bai ci kwalifayin ba, mahaifinsa kuma ba shi da kuɗin rajista, bai ma zauna jarrabawar ba, balle a ƙirga shi cikin waɗanda suka faɗi.

Malamin Lissafi:
Ɗan Auta ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ga wanda bai sani ba, a Kano ɗalibin makarantar gwamnati yana rubuta kwalifayin a SS2, wanda ya cika sharaɗi gwamnati ta biya masa kuɗin NECO. Wanda bai cika ba, ko iyayensa su sayar da akuya, ko ya haƙura. Da yawa haƙura suke yi.

Amma tun kafin nan an riga an tankaɗe su. Idan muka karɓi 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, sai mun raba su azuzuwa huɗu. Kafin su kai SS3, biyu sun ishe su har da sauran wuri. Maza sun tafi cirani, wasu sun kama acaba ko sayar da fetur a bakin titi, mata an yi musu aure. Waɗanda suka rage kuma, manhaja ta ce in koya musu aljabara, ni kuwa zangon farko kacokan a kan biyu sau biyu huɗu nake ƙarar da shi. Yaro ba zai warware tambayar lissafi ba in bai iya karanta tambayar ba. Ba na son in ɓata wa 'yan'uwana malaman firamare rai, amma haka ake miƙo mana su.

Malama Mai Aji Biyu:
Malam, ba ka ɓata mini rai ba, amma ka bari in faɗi yadda ake miƙo mana su mu ma. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Rajistar ajina ta haura ɗari. Ni kaɗai ce, ni ce ta Hausa, ni ce ta Lissafi, ni ce ta Turanci, ni ce mai raba faɗa, ni ce mai raka wanda fitsari ya matsa. Benci shida ne, sauran a ƙasa suke, na baya ko allon ba sa hangowa. Alli da kuɗina nake saya idan na ofis ya ƙare. Littafin karatu kuwa, ɗaya ne a hannuna, shi nake kwafewa a allo.

Wannan duk da sauƙi. Babban ciwon shi ne yaran da nake gani ranar Litinin ba su nake gani ranar Laraba ba. Ranar kasuwa ajin rabi ne. Da damina maza suna gona. Daga yankan gero zuwa roron wake da cirar gyaɗa har a shigar da dawa, akwai yaron da ba zan sa shi a ido ba wata biyu. Ya dawo mun wuce baƙaƙe mun shiga haɗa gaɓa, in koma baya dominsa, waɗanda suka zo kullum su gaji su fara wasa. Lokacin da ake ciyarwa a aji ɗaya zuwa uku, ajin ya cika har ƙofa, har da 'yan shekara huɗu da aka turo da kwano. Da abincin ya tsaya, sai aka watse.

Ƙarshen shekara kuma kowa ya wuce aji na gaba. Ba a maimaita aji, domin ga wasu ɗari suna jiran wurin. To Malam, a wane gurbi zan tare yaron da bai iya ba?

Maman Walid:
Malama Allah ya saka miki, ni ban taɓa zargin ki ba. Amma tunda Baban Ummi ya ce mun kwashe 'ya'yanmu, to ni ina cikin waɗanda suka kwashe, kuma ba zan ɓoye ba. Walid ya yi shekara uku a ta gwamnati bai iya rubuta sunansa ba. Na shiga adashe na mai da shi ta kuɗi, zango biyu ya fara karanta allon shaguna in muna tafiya. Ta kuɗin ma ba wata aljanna ba ce, gidan haya ne mai ɗaki biyar, malamansu yara ne da suka gama sakandare, albashinsu bai kai rabin naki ba. Sai dai ajin yara ashirin da 'yan kai ne, kuma ranar da malami bai zo ba mai makarantar zai ji daga bakina. In tambaye ki tsakani da Allah, naki 'ya'yan ina suke?

Malama Mai Aji Biyu:
Hajiya, biyu suna ta kuɗi, ƙaramar tana ajina. Na sha kuka a kan wannan. Kullum in na biya kuɗin makarantarsu sai in ji kamar na sa hannu a takardar cewa aikina bai isa a ba shi amanar ɗa ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, kada maganar ta koma kan mutum ɗaya. Malama ta fito ta faɗi gaskiya, wasunmu da suka yi shiru nasu suna birni gaba ɗaya. A ci gaba cikin mutunci.

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum. Jikata ce ta ce mini ana maganar makaranta a waya, na ce a ba ni in karanta. Shekara talatin da biyar na yi da alli a hannu, don haka ku yi haƙuri da tsawon bayanina.

Baban Ummi, ɗana, abin da ka faɗa gaskiya ne amma rabi ne. Ka tuna bencinku da ɗan hakimi, ka manta waɗanda ba sa kan bencin. A shekarar da aka ɗauke ku, mu muka bi gida gida da dagaci da masu unguwanni muna rubuta yara. Wasu iyayen a rumbu suke ɓoye su, wasu su tura su gabas karatun allo da dare don kada boko ya same su. A ajinku mata nawa ne? Ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Yau mahaifi da kansa yake kawo 'yarsa. Don haka abu biyu ne suka faru tare: masu hali sun fita, talakawan da a da ba sa zuwa sun shigo. Na biyun nan ba abin baƙin ciki ba ne, shi muka yi ta roƙon Allah a kai. Abin baƙin cikin shi ne sun shigo sun tarar babu wanda zai tsaya musu.

Zan gaya muku abin da ɗan hakimi yake yi wa makaranta ba tare da ya sani ba. Idan malami ya yi fashin kwana biyu, yaron zai faɗa a gida wajen cin tuwo, da safe dogari yana ƙofar ofishina. Idan rufin aji ya yaye, alƙali zai gani domin ɗansa ya dawo a jiƙe. Ba wata doka ba ce, ido ne. Ranar da na ga 'ya'yan sakataren mulki sun bar mu, na gaya wa mataimakina cewa daga yau sai dai mu yi ta rubuta takarda, babu mai amsawa. Haka kuwa aka yi.

Sai maganar malamai. Mu 'yan Gired Tu ne. Shekaru muka yi a makarantar horon malamai ba a koya mana komai sama da yadda ake koyar da ƙaramin yaro ba: yadda ake riƙe alli, yadda ake rubutu a allo a miƙe, yadda ake sa yaro ya ji sautin harafi kafin ya ga siffarsa. Kowace Litinin sai malami ya kawo mini littafin shirin darasinsa na sa hannu. Sufeto yana iya faɗowa a kan babur ba sanarwa, ya zauna a bayan aji, ya ɗaga yaro ya ce karanta. Da aka ce NCE, wato takardar kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa, takarda ta ƙaru, wannan horon na hannu ya ragu. Daga baya har aka riƙa turo mini mutum da wasiƙar wani babba, in ba shi alli ya kasa rubuta kwanan wata. Ba duka ba, akwai haziƙai irin wannan Malamar, amma su ake bar wa kayan.

An ƙaddamar da UBE, shirin ilimin matakin farko ga kowa, a Sakkwato a 1999, aka yi dokarta a 2004, aka ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha ta kawo nata kason ta karɓi na tarayya. Kuɗi ne masu yawa. Amma abin da ido yake gani shi ake yi, gini da fenti da katanga. Ba a yanka kirtani a buɗe yaron da ya iya karatu. A nan Kano an ce ilimi kyauta kuma dole a 2019, an sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, an gyara azuzuwa, an ɗauki malamai, ban raina ba. Ni dai ma'aunina ɗaya ne, na ɗan ƙanenka: a rubuta a ƙasa, ya karanta.

Baban Ummi:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Mata huɗu ne a ajinmu, biyu ba su kai aji shida ba. Na karɓi gyara.

Ɗan Auta:
Baba, to ko abin da aka yi a Kaduna za a yi? A 2017 an yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka sa, aka sallame su aka ɗauki sababbi.

Malamin Lissafi:
Ɗan Auta, a gwada mu, ni ba na tsoro. Amma ka kawo farfesa ka ba shi yara ɗari a ƙasa, rabinsu ba su karya ba, sulusinsu suna gona, ka dawo bayan shekara ka gani. Kora kaɗai ba ta rage yawan aji. Kuma sabon da za a ɗauka, garinmu zai yarda ya zauna, ko wata uku zai yi ya nemi a mai da shi birni? Malaman kimiyya nawa aka turo mana suka koma? Bana ma ɗan bautar ƙasa ne yake riƙe mana Fiziks, in ya gama shi ke nan.

Kawu Manomi:
Salamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta mini, ni ban yi boko ba. Na ji an ce muna cire yara lokacin kaka. Gaskiya ne, ina cirewa. Malama ki yi haƙuri. Gero ba ya jira, wake in ya bushe a gona fashewa yake, ɗan ƙwadago kuma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Abin da za su ci shekara ne. Ku ne kuke ba da dogon hutu a Agusta, ku koma makaranta daidai lokacin da aiki ya taso. Wa ya tsara haka, ya taɓa noma?

Sannan babban ɗana shekara goma sha biyu ya yi yana zuwa. Na sayar da tunkiya na biya masa jarrabawa. Yau takardar asibiti sai ya kai wa mai kemis ya karanta masa, gonar ma ba ta shiga jikinsa ba. To in ka ga haka, na biyun za ka sake shi da zuciya ɗaya? Ku nuna mini yaro yana karatu, ni da kaina zan ɗauki lauje in bar shi ya tafi.

Malama Mai Aji Biyu:
Kawu, wallahi ban da amsar da zan ba ka a kan babban. Allah ya sa masa albarka a abin da ya kama.

Malamin Islamiyya:
Allah ya gafarta malamai. Ni abin da Baban Ummi ya fara da shi nake so mu koma, domin an wuce shi da sauri. Yaro ɗaya, kai ɗaya, izu shida a nan, jimla ɗaya ta gagara a can. Mu ma ajinmu cike yake, mu ma a tabarma muke, albashinmu kuwa kun san kuɗin Laraba ne da abin da Allah ya hore. To mene ne bambancin?

A wajenmu ba a wanke allo sai yaro ya iya. Zai fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ba ruwanmu da shekarunsa ko zangon karatu. In wata uku zai yi a wuri ɗaya, zai yi. Manyan ɗalibai suna biya wa ƙanana, don haka malami ɗaya yana da hannu goma. Wanda ya tafi gona ya dawo, allonsa yana nan inda ya bari, ba a wuce shi ba. Sannan uban yaron ya san abin da ake koyarwa. Kawu Manomi bai yi boko ba, amma in ɗansa ya karanta Fatiha ba daidai ba zai gyara masa daga kan gado. Kuma ni a unguwar nake kwana, in na yi fashi a masallaci za a tare ni da asuba.

Ba ina cewa mun fi ku ba ne. Mu ma akwai yaron da zai sauke bai san ma'anar abin da yake karantawa ba, wannan ciwonmu ne. Amma dabarar kada a wuce sai an iya, ba ta da tsada.

Tsohon Hedimasta:
Malam ya faɗi magana. Abin da muke yi ke nan a da, mu ma daga wajenku muka gani.

Ɗan Auta:
Akwai kuma harshe. Yaron da bai taɓa jin Turanci a gida ba, ranar farko a ce masa A for Apple, bai san apple ba, bai san A ba, abu biyu ake nema ya koya lokaci ɗaya. Hausa kuwa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba, be, bi, bo, bu, yaro mai zuwa kullum ba ya daɗewa yake haɗawa. An gwada wannan tun 1970 a Ife ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. A nan Arewa an yi shirin RANA a Katsina da Zamfara, an yi Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, duk koyon karatu da Hausa a azuzuwan farko. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har aji shida, sai ga shi a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci.

Maman Walid:
Ni kam a nan ba na tare da kai, ƙanena. WAEC da Turanci take, NECO da Turanci, JAMB da Turanci a kwamfuta. 'Ya'yan masu kuɗi suna Turanci tun daga nazare, mu a ce namu su tsaya a Hausa? Ai tazarar ce za ta ƙaru.

Malama Mai Aji Biyu:
Hajiya, da Turancin ake yi da na yarda da ke. Abin da yake faruwa a aji shi ne mu rubuta da Turanci, mu yi bayani da Hausa, yara su kwafe zanen da ba su san me yake cewa ba. Ba su sami Turancin ba, ba su sami Hausar ba. 'Yan kaɗan ɗin da na samu suka iya karanta Hausa a ajina, su ne malamin aji huɗu yake gaya mini sun fi saurin kama Turanci, domin sun riga sun gane cewa harafi sauti ne. Ni dai ko an soke ko ba a soke ba, da ba, be, bi zan fara.

Jikan Ardo:
A yi mini afuwa in sa baki. Duk maganar nan ta 'yan cikin gari ce. Mu daga ruga yaro zai yi tafiyar fiye da awa ɗaya, da damina in rafi ya kawo sai ya janye. Ƙannena da Fulatanci suka tashi, sun shiga aji ɗaya Hausar ma ba ta zauna ba, aka ajiye su a baya ana ce musu ba sa ganewa. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, amma makarantar da ke kusa da mu rumfa ce da malami ɗaya. In za a ƙirga su wane ne a ajin, a ƙirga har da waɗanda ba su iso ba.

Yaya Ungozoma:
Jikan Ardo ka yi gaskiya, kuma in ƙara da mata. A firamare yanzu mata suna da yawa, wani ajin ma sun kusa kai maza. Ku je babbar sakandare ku nemo su. Yarinya ta fara girma, makarantar babu banɗaki mai ƙofa, babu ruwa, duk wata sai ta yi fashin kwana huɗu ko biyar. 'Yan ƙauyukan kewaye kuma babu ta mata kusa da su, ta kwana kuwa tun sace ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 iyaye da yawa suka ɗauke ƙafa, kuma ba zan ga laifinsu ba. Shirin AGILE na Bankin Duniya, na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Kano take cikin jihohin farko, ya taimaka da gyaran azuzuwa da banɗakuna da ɗan tallafi ga iyaye, na gani da idona. Amma yarinyar da ta kai JS3 ba ta iya karatu ba, uwarta za ta ce zaman me take yi, ga talla ga masu neman aure.

Abin yana dawo mana a asibiti. Magidanci ya kawo matarsa haihuwa ya ce shi mace yake so ta duba ta. Mu biyu ne, ɗayar ma ba 'yar garin nan ba ce. Makarantar ungozoma kiredit biyar take nema har da Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Wace yarinyar garin nan za ta kawo su in ba a gyara aji biyu ba?

Malamin Lissafi:
Kuma kada a ruɗe mu da sakamako mai kyau da ake liƙawa a wasu wurare. Ɗaliban da iyayensu suke da ɗan hali, suna kaiwa SS3 sai su ɓace daga wajenmu, su yi rajista a wata santa inda ake rubuta amsa a allo. Su fito da kiredit tara, JAMB ta tona asiri. Mu a ce makarantarmu ba ta ƙoƙari, alhali ta hana satar amsa ne.

Baban Ummi:
Duk da haka ni ban yarda makarantar gwamnati ba za ta iya ba. Kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977 suke, na gwamnati ne, a ƙananan garuruwa suke kamar namu, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fitar ba sa ƙirguwa.

Ɗan Auta:
Haka ne Kawu, amma su da jarrabawa suke zaɓar ɗalibansu daga duk faɗin jiha. Sun tsinci masu ƙwazo ne tun a ƙofa. Firamarenmu kuwa duk wanda ya zo nata ne.

Tsohon Hedimasta:
Ku biyun duk kuna da gaskiya. Amma a da daga irin firamarenmu ake tsinto su, 'ya'yan manoma, ba daga gidajen masu kuɗi ba. Akwai shekarar da yaranmu uku suka shiga lokaci ɗaya, har gida iyayensu suka zo mini da zabi. Malamin Lissafi, yaushe rabon da wanda ya yi firamaren gwamnati a garin nan tun daga aji ɗaya ya ci wannan jarrabawar?

Malamin Lissafi:
Baba, tun da aka kawo ni ban gani ba. Waɗanda suka ci, ta kuɗi suka yi firamare.

Mai Kula da Zaure:
Dare ya yi. Kada mu tashi haka kamar sauran muhawarorinmu. Kowace makaranta tana da kwamitin SBMC a takarda, wato kwamitin iyaye da mutanen gari masu kula da ita, wa ya san 'yan namu? Wa yake da shawarar da za mu iya da hannunmu, ba sai mun jira kowa ba?

Malama Mai Aji Biyu:
Ni abin da nake roƙo ƙarami ne. A samo mini mutum biyar da suka iya karanta Hausa, ko 'yan sakandare ne. Mu zauna da 'yan aji biyu da uku ɗaya bayan ɗaya, mu ga wa ya san baƙaƙe, wa yake haɗa gaɓa, wa yake karanta jimla. Mu raba su rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, kamar yadda Malam ya ce. Awa ɗaya kullum. Zan nemi izinin hedimastanmu gobe, na san ba zai ƙi ba.

Malamin Islamiyya:
Ina da manyan ɗalibai mata shida da suka gama sakandare suna zaune a gida. Zan yi wa iyayensu magana. Tabarmi ma akwai.

Baban Ummi:
Alli da littattafan rubutu na zango ɗaya suna wuyana. Ɗan ƙanena aji biyar yake, amma a sa shi cikin 'yan baƙaƙen, zan lallashe shi.

Maman Walid:
Ni zan zo da kaina ranar Asabar da Lahadi. Amma Baban Ummi, tambayar da na yi wa Malama kai ma tana kanka. Baba ya ce ido makarantar ta rasa. Alli ba ido ba ne. Ummi a ina take karatu?

Baban Ummi:
A birni take, Hajiya, ta kuɗi. Ba zan yi miki alkawarin da ba zan cika ba a daren nan. Abin da zan iya, duk ƙarshen wata in na zo gida zan shiga ajin in zauna a baya, in kuma akwai gurbi a kwamitin a rubuta sunana.

Kawu Manomi:
Malama, in za a yi, a sa shi bayan la'asar. Saura mini dawar gona ɗaya, kwana goma ta shiga rumbu. Ƙananan biyu zan kawo miki su da kaina, Jikan Ardo kuma in ƙannensa za su zo su kwana a gidana.